Ɗan Sanda Da Farin Doki

A shekarar 1923 akwai wani ɗan sanda a birnin Landan ana ce da shi George Scorey. Tsohon soja ne, ya daɗe a rundunar sojan doki yana busa musu ƙaho, har ya ga Yaƙin Duniya na Farko ya fita lafiya. Da aka sallame shi sai ya shiga aikin ɗan sanda a 1919, aka sa shi cikin masu sintiri a kan doki, aka ba shi wani doki mai suna Billie. Mutum ne wanda wasan ƙwallon ƙafa bai dame shi ba ko kaɗan. Amma ikon Allah, a wurin wasan ƙwallo ne sunansa ya fita, kuma har yau ana tunawa da shi da dokinsa a ƙasar Ingila.

Asalin maganar kuwa shi ne, a wannan shekara aka gama wani makeken filin wasa a unguwar Wembley, a gefen Landan. An gina shi ne domin babban bajen kolin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila wanda aka buɗe a 1924, inda har aka yi kwaikwayon ganuwar biranen ƙasar Hausa. Kwana 300 aka yi ana aikin ginin, ya ci fam 750,000, aka ce zai ɗauki mutum wajen 125,000. Kafin a buɗe shi sai da aka kawo sojoji suka hau matakalan da 'yan kallo za su tsaya, suka yi ta buga ƙafa tare, don a tabbata ginin ba zai rushe ba. Ginin kam ya ci jarrabawa. Sai dai ƙarfin siminti kaɗai aka gwada, babu wanda ya tsaya ya gwada ƙofofi, ko ya tambayi kansa abin da za a yi in waɗanda suka zo sun fi wurin yawa.

Wasan da aka buɗe filin da shi, shi ne wasan ƙarshe na cin Kofin Ingila, tsakanin ƙungiyar Bolton Wanderers da ta West Ham United, ran Asabar 28 ga Afrilu, kwana huɗu kacal bayan an gama ginin. Shugabannin Hukumar Ƙwallon Ƙafa tsoronsu ɗaya, kada filin ya kasa cika su ji kunya, gama a shekarar da ta wuce mutum wajen 53,000 ne suka halarci irin wannan wasa. Saboda haka suka yi ta yekuwa cewa akwai wuri ga kowa. Ba su ce sai mai tikiti a hannu zai zo ba, suka bar yawancin jama'a su biya a bakin ƙofa. Gari ya waye da kyau, ga jiragen ƙasa suna sauke mutane dab da filin, ga West Ham ƙungiyar Landan ce, ga Sarki Joji na Biyar zai zo da kansa. Sai birni ya ɗauko hanyar Wembley.

An buɗe ƙofofi da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe. Kafin ƙarfe biyu wuri ya cika maƙil, aka rufe, alhali kuwa waɗanda ke waje ba su da iyaka, jirage kuma ba su daina kawo wasu ba. Mutumin da ya baro gidansa tun da hantsi, yana jin sowa a bayan katanga, ba ya komawa da kalma ɗaya. Suka haura shinge, suka ture ƙofofi, suka kwarara ciki. Na baya suka danno na tsakiya, na tsakiya suka danno na gaba, na gaba kuwa da suka ji ƙirjinsu zai fashe sai suka zube cikin fagen wasa, har ciyawa ta ɓace, ba ka ganin kome sai huluna. Lissafin hukuma ya ce mutum 126,047 suka shiga, amma masu ƙiyasi sun ce sun haura 200,000. 'Yan wasan Bolton ma sai da suka bar motarsu can nesa, suka ratso jama'a a ƙasa.

Scorey ba ya cikin waɗanda aka ba aikin filin a ranar. Da abin ya gagara ne aka aika neman gudummawa, ya zo tare da waɗansu 'yan sandan doki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ran hawan salla ya san abin da doki kan yi wa taro. In mahayi ya saki linzami, nan da nan hanya za ta buɗe, amma sai an ɗebi masu karaya. Scorey yana da doki, yana da kulki, yana da doka a bayansa, kuma ya yi shekaru yana koyon yadda ake kutsa doki cikin abokan gaba. Sai dai ya duba ya ga waɗannan ba abokan gaba ba ne. Mutane ne da suka zo kallo, wuri ya ƙure musu, kuma kowannensu so yake a yi wasan nan kamar yadda hukuma ke so.

Sai ya bi da dokinsa sannu sannu har tsakiyar fage, ya sami ɗan sarari, ya shiga kewayawa. Kowane zagaye sai ya ɗan faɗaɗa da'irar. Ya riƙa yi wa na gaba magana, yana cewa su riƙe hannun juna su ja da baya taki ɗaya, in sun yi sai ya roƙi wani takin. Dokin kuma ya san aikinsa, yana tura mutane da hanci da gindi a hankali, ba ya harbi, ba ya zabura. Zuwan Sarki ma ya taimaka, gama da ya iso jama'a suka juya suka rera taken ƙasa, zukata suka ɗan kwanta. A haka, da taimakon sauran 'yan sanda da na 'yan wasa, aka mayar da mutane har bakin farin layi, suka jeru a nan kamar katanga.

An fara wasa bayan jinkirin minti 45. Cikin minti biyu David Jack ya ci wa Bolton ƙwallo, a daidai lokacin da wani ɗan West Ham ya faɗa cikin jama'a yana ta faman fitowa. In za a yi bugun kusurwa sai 'yan sanda sun buɗa wa mai bugu wuri. Da aka yi hutun rabin lokaci 'yan wasa ba su sami hanyar zuwa ɗaki ba, a fage suka tsaya. Bolton ta ci biyu ba ko ɗaya. Wajen mutum 900 suka ji ƙananan raunuka, aka kai 22 asibiti, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Da hotuna suka fito sai aka ga doki ɗaya fari tas a tsakiyar baƙin taro. Gaskiyar magana Billie ba fari ba ne, launin toka gare shi, hoton zamanin ne mai baƙi da fari ya haska shi, sauran dawakin kuwa masu duhun jiki suka ɓace cikin mutane. Tun daga ran nan ake kiran wasan da sunan farin doki. Hukumar ƙwallo ta riƙa yi wa Scorey tayin tikiti kyauta, shi kuwa bai kula da zuwa ba. Dokin ya mutu a 1930, aka yi kurtun tawada da kofatonsa ɗaya aka ba mahayinsa. Scorey ya rasu a 1965.

To, yabon doki yana da daɗi, amma ya rufe wa mutane ido ga abin da ya cece su a ranar. Haƙurin Scorey ya yi amfani ne domin ya tarar da mutane da ransu, kuma abin da ya bar su da ransu shi ne babu shinge mai tsawo tsakanin matakalai da fage, wanda aka matsa sai ya sami inda zai zuba. Daga 1924 aka ce wasan ƙarshe sai mai tikiti, gwamnati kuma ta kafa kwamiti ya ba da shawarwari, amma sauran filaye suka ci gaba yadda suke. A 1946, a filin Bolton ɗin nan da kanta, mutum 33 suka mutu a turmutsitsi. Daga baya, da tarzomar magoya baya ta yi yawa, sai aka kewaye 'yan kallo da shingen ƙarfe kamar dabbobi a garke. Ran 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough na garin Sheffield, 'yan sanda suka buɗe wata ƙofa don rage cunkoson waje, ba su tare hanyar da ke kai wa wurin da ya riga ya cika ba, shinge ya hana na gaba fita. Mutum 97 magoya bayan Liverpool suka rasu ta dalilin wannan rana. Aka yi shekaru ana ɗora wa mamatan laifi, sai a 2016 masu binciken shari'a suka wanke su. Bayan wannan masifa ne aka cire shingayen, aka sa wa manyan filayen Ingila kujeru.

Nahiyar Afirka ma ta ɗanɗani irin wannan. Ran 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Accra, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko biyu da ɗaya, waɗansu 'yan kallo suka fusata suka fara jifa da kujeru. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, mutane suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu samarin unguwar Nima ne, inda ake jin Hausa a kowane lungu. Kujerun da aka so a kare, da kuɗi kaɗan ake sayen waɗansu.

An rushe tsohon filin Wembley, aka buɗe sabo a 2007 mai ɗaukar mutum 90,000, kowa da kujerarsa. Gadar da ke kai masu saukowa daga tashar jirgi zuwa filin, jama'a suka zaɓa mata sunan farin dokin. Duk da haka, ran 11 ga Yuli 2021, da Ingila ta kara da Italiya a wasan ƙarshe na Kofin Turai, wajen mutum 2,000 marasa tikiti suka kutsa ciki da ƙarfi, kuma binciken da aka yi ya nuna saura ƙiris a yi asarar rayuka. Ashe sabon gini ba ya hana tsohuwar matsala.

Saboda haka duk garin da ya gina sabon fili, kafin a kira makaɗa ran buɗewa, ya kamata masu iko su zauna su ƙidaya mutum nawa wurin zai ɗauka, su tsaya a kan wannan adadi ko da wa ya zo, su tabbata kowace ƙofar fita tana buɗuwa kuma akwai mai tsaronta, su kuma koya wa ɗan sanda cewa aikinsa na farko shi ne kowa ya koma gidansa lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mutanen Landan sun dace da Scorey a 1923, amma ba kowace rana ake samun mahayi mai haƙuri yana jira a bayan fili ba.