Batir da Garwashi

Wanda bai taɓa zuwa ƙasar Sudan ba yakan zaci babu abin da yake can sai zafin rana. Zafi kam akwai shi, amma akwai sanyi kuma. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da hunturu yake tsaga leɓunan yara a Kano da Zariya, iskar arewa takan sauko daga hamada ta bi ta kan Jazira, wato ƙasar da take tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A birnin Wad Madani awo yakan sauka zuwa wajen digiri 14 da dare a watan Janairu. Mutumin Jos zai yi dariya in ya ji wannan. Amma Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ba dutse ba tudu da zai tare iska, ga ruwan ban-ruwa yana kwance a magudanai ko'ina. Ɗakuna kuwa domin zafi aka gina su, ba domin sanyi ba.

Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Garin yana amsa sunansa har wa yau. Waɗansu kuma mahajjata ne da guzurinsu ya ƙare a hanya. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, su ne suka zama hannun aiki. Da yawa suka zauna a ƙananan unguwannin leburori da ake kira kambo, a gefen gonaki.

Kogin da yake wucewa ta ƙofar gidajensu shi ne yake ba ƙasar wutar lantarki. Akwai injuna a madatsar Sinnar, akwai a ta Rusairis da aka gama a 1966, ga babbar madatsar Marawi a arewa tun 2009. Duk da haka kambo da yawa waya ba ta kai gare su ba, garuruwan da ta kai kuwa sun saba da ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa tun kafin yaƙi.

A wani ƙauye na wannan yanki akwai wani maɗinki da ya gaji da ɗinki a hasken tocila. Ya tara kuɗi ya sayi faifan sola guda, da babban batir irin na mota, da ƙaramar inbata. Aiki ya yi kyau. A hunturun 2022 matarsa ta haihu, ƙanensa kuwa da yake aiki a Saudiyya ya aiko masa da hita ta lantarki domin ɗakin maijego. Mutumin ya ji daɗi ƙwarai, gama ya tsani hayaƙi. Da magariba aka ɗauke wuta kamar kullum, sai ya jona hitar a inbata, ya hana a shigar da kaskon wuta. Wayoyin hitar suka yi ja, ɗaki ya fara ɗumi. Kafin a gama cin tuwo inbata ta yi ƙara, kome ya mutu, har ƙwan fitila. Gida ya yi duhu, sanyi ya komo.

Tsohuwarsa ba ta yi faɗa ba. Ta fita ta ɗebo garwashi daga murhun da aka dafa ruwan wankan jego, ta kawo a kasko. Ta ce, "Ɗan nan, bar wa abin nan aikin fitila, shi ya iya."

Ya ce, "Inna, ai mai shago ya ce babba ne."

Ta ce, "To, ga girmansa ka gani."

Lissafi yana bayan tsohuwar, ko da yake ba ta san shi ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da ƙarfin da zai ba da wat 1,200 na sa'a guda. Irin wannan batir mai ruwa kuwa ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Saura 600 ke nan. Hita ƙarama tana cin wat 1,000, wato minti talatin da 'yan kai ta shanye rabon. Amma ƙwai uku masu wat 5 kowanne, in an kunna su sa'a biyar kowane dare, wannan rabon zai kai su dare takwas. A ɗaya gefen, kilo guda na gawayi yana ɗauke da zafin da ya fi na irin wannan batir shida cike. Tukunyar gas mai kilo 12 da rabi, wadda mutanen Sudan suke kira anbuba, ta fi shi sau ɗari da ɗoriya. Zafi abu ne mai tsada, haske kuwa mai araha ne. Mai shagon da ya sayar da batir bai faɗi wannan ba ya rage wa mai saye magana, ko da bai yi ƙarya ba.

Mutanen ƙasashen ƙanƙara sun daɗe da sanin haka. A Amurka gidaje da yawa suna da murhun jin ɗumi mai aiki da gas a cikin falo. Irin na dā yana da 'yar wuta ƙarama da take ci dare da rana, ba ruwansa da lantarki. Irin na zamani kuwa tartsatsin lantarki ne yake kunna shi, don haka in an ɗauke wuta ba zai kama ba, ko da gas yana nan. Maganin da masu ƙera shi suka yi ɗan ƙarami ne: wani akwati a ƙarƙashinsa da ake sa batiran tocila biyu ko huɗu. Aikinsu su ba da tartsatsi su buɗe hanyar gas, shi ke nan. Fankar da take hura ɗumin ba za ta juya ba, amma wuta za ta ci. A watan Fabrairu 2021 sanyi mai tsanani ya sauka a jihar Tekzas, miliyoyin gidaje suka rasa lantarki kwana da kwanaki, mutum fiye da 200 suka mutu. Ba duka ne sanyi ya kashe ba. Waɗansu sun shigar da gawayi ko janareto cikin gida, suka rufe ƙofa.

Nan ne kaskon tsohuwa yake da nasa haɗari, wanda ya fi na batir nesa ba kusa ba. Gawayi in yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga yakan fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ita ce hayaƙin da yake sa ido hawaye ba. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. Takan fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, sa'an nan kasala da barci. Mai barci kuwa ba ya jin kome. Jariri da tsoho da mai ciki su ne take fara kayarwa. Iyali sukan tashi da safe kowa kansa yana sarawa, a ce sanyi ne ya kama su, alhali kuwa kasko ne. A daren da iska ta fi kaɗawa, daren da ake toshe taga da tsumma a ja ƙofa, a ranar ne abin ya fi muni. Abin da ya kamata shi ne a ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, sauran aikin a bar wa bargo. Murhun girki na gas ma ba abin jin ɗumi ba ne a rufaffen ɗaki. Batir kuma kada a ajiye shi kusa da wuta, gama sa'ad da yake caji yakan fitar da iska mai kamawa.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya mai da wannan lissafi zancen rai. Mayaƙan RSF sun kama Wad Madani a Disamba na wannan shekara, a tsakiyar sanyi, dubban mutane suka gudu da abin da hannu zai iya ɗauka. Sojoji ba su karɓe birnin ba sai Janairu 2025. A wannan watan ne aka kai hari da jirage marasa matuƙi a madatsar Marawi, wuta ta ɗauke a jihohi da dama. Matatar mai ta Jaili, arewa da Khartum, wadda take ba ƙasar gas na girki, ta daina aiki. Matan da suka saba da anbuba suka koma ga gawayi da itacen bagaruwa na bakin kogi da karan auduga, kamar kakanninsu.

A waɗannan shekaru batir ya sami aikinsa na gaskiya. Takardar kuɗi ta yi wuya, 'yan'uwa da suke waje sukan aiko da taimako ta Bankak, hanyar aika kuɗi ta wayar hannu. Wayar da ba caji ba ta karɓar kome. Wanda yake da faifan sola da batir sai gidansa ya zama wurin taruwa, wayoyi jere a kan tabarma. Cika waya guda bai kai cin hita na minti biyu ba. Da kuɗin da ya shigo ta wayar ake sayen gawayi. Maɗinkin nan ya naɗe hitar a ƙyalle ya tura ta ƙarƙashin gado. Batirin kuwa yana zaure a kan katako, nesa da murhu, yakan duba ruwansa lokaci lokaci, ya share ƙurar hunturu daga kan faifan kowace safiya kafin ya zauna a keke.