Tafiya Dawakin Tofa Duban Tsohuwar Mota

A birnin Kano akwai waɗansu mutane ƙalilan, galibinsu dattawa, waɗanda Allah ya jarrabe su da son tsofaffin motoci, har ya zamana idan labari ya iske ɗayansu cewa ga wata mota can a ƙauye an jingine ta tun zamanin mulkin soja, ba ya samun natsuwa sai ya je ya gan ta da idonsa, ya shafa ta da hannunsa. Ina cikin masu zama majalisarsu, kuma ta haka ne na shiga ayarin da ya nufi ƙasar Dawakin Tofa wata Asabar da kaka, bayan wani dillali ya zo wa wani Alhaji abokina da albishir cewa magadan wani marigayi, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, suna neman mai sayen Peugeot 404 buɗaɗɗiya, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, domin a raba gado. Alhaji bai yarda ya tafi da idonsa kaɗai ba, sai da ya ɗauko wani tsohon makanike na Ƙofar Ruwa, wanda dukkanmu muke kira Baba, mutumin da ya fara riƙe sifana tun kafin a buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975.

Muka fita ta titin Katsina da hantsi, muka ratsa Kurna da Bachirawa, har muka iso Dawanau, inda tilas mai tafiya ya sassauta, saboda manyan motocin da ke lodin gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, waɗansu za su Nijar, waɗansu Chadi ko Kamaru, waɗansu kuwa bakin teku. Da muka karkata yamma sai hayaniya ta yanke, muka shiga ƙasar da gona ke bin gona ba tare da saura ko daji a tsakaninsu ba, ga dammunan dawa an jera, ga harawa an ɗora bisa rassan itatuwa, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye a tsakiyar gonaki, ko wanne da mai shi. Ƙasa ce wadda ake nomawa shekara bayan shekara tun kaka da kakanni, ba ta kuwa gajiya, domin manomanta sun san darajar taki. Hakiminta shi ne Madakin Kano, daga gidan Yolawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki. Saboda haka ba wuri ne da baƙo zai faɗa gidan mutane kai tsaye ba, sai da muka biya muka gai da mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da yaron da ya yi mana jagora.

Tun a hanya Baba ya riga ya sanyaya mana gwiwa. Ya ce 404 da aka ƙera a duniya sun haura miliyan biyu, amma buɗaɗɗiyar ba ta wuce dubu goma da 'yan kai ba, domin jikinta ba a Faransa aka buga shi ba, a garin Turin na Italiya ne, a gidan Pininfarina, daga 1962 zuwa 1968, sa'an nan a kai wa Peugeot su ɗora inji. Kuma ƙarafan jikinta dabam suke da na 404 mai ƙofa huɗu wadda kowa ya sani. "Alhaji," in ji shi, "sau da yawa an kira ni in ga irin wannan, in je in tarar mai walda ne ya yanke kan mota, ya toshe ƙofofin baya, domin ɗaukar ango ko yawon siyasa. Kada ka sa rai tukuna."

Muka tarar da magada a zaure tare da limamin garin, wanda shi zai yi lissafin gadon. Bayan mun yi ta'aziyya, an yi addu'a, an kawo ruwa da fura, sai babban ɗan marigayin ya zaga da mu bayan gida, inda motar take a ƙarƙashin wata rumfar kwano, an ɗora ta bisa duwatsu, tayoyinta sun tsage, ƙura ta rufe koren fentinta. Baba bai ce uffan ba. Ya fara da ƙofofinta biyu, ya auna tsawonsu da taƙi, ya buɗe, ya rufe, ya saurari ƙararsu. Ya fito da maganaɗisu naɗe a tsumma yana bin jikin motar da shi sannu a hankali, domin duk inda aka cike lotsawa da ƙullin masu gyaran bodi, maganaɗisu ba ya kamawa. Daga nan ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, yana neman tabon walda a inda ginshiƙan rufi za su kasance da a ce yanke su aka yi. Ya daɗe a can har dillali ya fara gumi. Da ya fito ya kaɗe rigarsa, sai ya nuna mana 'yar alamar Pininfarina a gefe, ya ce alama kam ana iya cirowa a liƙa, amma wannan jiki haka aka haife shi.

Sitiyarinta a hagu yake, wannan kuwa ya sa Alhaji tambaya, domin a shekarun da aka ƙera ta Nijeriya hannun hagu take bi, motocinta kuma sitiyarinsu a dama, ba a koma hannun dama ba sai ranar 2 ga Afrilu, 1972. Babban ɗan ya ce mahaifinsu a Maraɗi ya saye ta hannun wani Bafaranshe da zai koma gida, ya shiga ciki ya fito da wata adaka, ciki akwai takardar rajista da Faransanci, da rasiɗin ciniki, da takardar kwastan. A nan ne na ga aikin ya yi kama da na malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar matani komai kyansa sai sun bi isnadinsa, wane daga wane, su ga ko silsilar ta yanke a wani wuri. Baba ya sa ni karanta lambar da ke cikin takarda, shi kuma yana bin ta da yatsa a kan ɗan farantin ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet, ba ta saɓa ba ko da harafi guda.

Amma da ya duba injin sai ya girgiza kai, ya ce wannan na 504 ne, ba nata ba. Ya ɗaga robar bakin ƙofa ya nuna farin fenti a ƙarƙashin koren. Ya ce kujerun ɗinkin Kano ne, tamfol ɗin ma haka, fitilun baya kuwa na wata mota ne dabam aka sassaƙa aka saka. Dillali ya yi caraf ya ce ai duk asali ne, tun da duk Peugeot ce. Liman ya dube shi ya ce, "Malam, a fiƙihunmu wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ɓoye shi kuwa algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano daga baya. Bar dattijo ya faɗi abin da ya gani."

Ni dai ban ga abin kunya a cikin waɗannan gyare-gyare ba. Masu tara tsofaffin motoci a Turai suna ɗora kuɗi a kan motar da ba a taɓa komai nata ba, kuma suna da hujjarsu, amma motar da ta ci hanyar Jibiya da burjin ƙauyuka shekara da shekaru, ba ta kai yau ba sai da hikimar makanikai da maɗinka waɗanda suka rayar da ita da abin da hannunsu ya iya kaiwa. Abin da ba ya halatta shi ne a kira ɗinkin Kano ɗinkin Turin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne bayan wannan. Ashe magada ba su san abin da ke hannunsu ba. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa cewa 'yan gwangwan sun taya ta a kan nauyin ƙarfe, saura kaɗan su sallama. Ga shi kuwa a cikin magadan akwai marayu ƙanana, 'ya'yan amaryar marigayi. Da Baba ya yi shiru, da Alhaji ya same ta a kuɗin da bai kai na tsohon babur ba, kuma Alhaji ne ya kawo shi, shi zai sallame shi. Sai ya juya ga liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, amana aka ɗora mini, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Yadda na faɗi aibinta haka zan faɗi darajarta. Wannan jiki da waɗannan takardu, ko babu inji, masu neman irinta a ƙasashen waje za su biya abin da zai sayi gona a garin nan. Kada a sayar da dukiyar marayu a kan jahilci." Na dubi Alhaji, na ga fuskarsa ta ɗan canza, sa'an nan ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Baba. Ni ma ba na son abin da za a tambaye ni gobe kiyama."

Ana cikin haka sai uwargida ta aiko daga cikin gida, cewa a duba ɗakin ajiyar da ke kusa da rumbu, akwai wani ƙarfe da marigayi ya hana a sayar tun ranar da aka sauke shi. Samari huɗu suka jawo shi waje cikin tsohon buhu. Baba ya zuba kananzir, ya goge gefensa da burushin waya har lamba ta bayyana, ya sa na sake karanta ta takarda, ta dace. Injinta ne na asali, mai girman cc 1,618, ya ce ya fashe gasket ne, zoben fistin kuma ya cinye, aikin da shi zai iya a garejinsa.

Ba a ƙulla ciniki ran nan ba. Liman ya sa aka rubuta takarda, aka jera abin da yake na asali da abin da aka musanya, Baba ya dangwala hannu, ni da mai unguwa muka zama shaidu, aka kuma yi ittifaƙi cewa magada za su nemi ƙimar wani masani na biyu, in Alhaji ya iya biyan abin da aka tsayar, shi ne a gaba. Muka yi sallar La'asar a masallacin ƙofar gidan, muka kamo hanya. Tun daga nan har Dawanau gardama suke yi, Alhaji yana cewa in ta zama tasa zai mayar da ita fara kamar yadda ta fito daga Turin, Baba kuwa yana cewa a mayar da inji, a gyara fitilu, amma a bar koren, domin da shi mutanen ƙasar nan suka san ta.