Buhu Biyu da Bokiti Ɗaya

Wata safiyar Asabar cikin damina, muna zaune a zauren gidanmu da ke Badarawa muna fama da wani labari da ya ƙi ƙarewa, sai muka ji ƙarar baro ta tsaya a ƙofar gida. Wani yaro ne ɗan bola jari, wanda da ƙyar in ya cika shekara 13. Ya zura hannu cikin duron da muke zuba shara, kafin mu ɗaga kai sai muka ji ya yi salati. Ashe fasasshiyar kwalbar da muka jefa a daren jiya ce, tana ɓoye ƙarƙashin ragowar tuwo, ta yanke masa tafin hannu.

Uwargida ta fito da ruwan ɗumi da gishiri ta wanke ciwon ta ɗaure. Mu kuwa, don mu rufe kunyarmu, sai muka hau shi da faɗa, wai me ya sa yake tona shara da hannu tsirara. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai da kuna ware mana, da ba sai mun tona ba."

Wannan magana ta hana mu komawa kan labarinmu a ranar, domin kuwa ta tuna mana da gidan da muka tashi a ciki. A wancan zamani kusan babu abin da ake zubarwa. Ƙasari da dusa na awaki ne. Toka da kashin dabbobi ana tara su a kusurwa har masu jakuna su zo su kwashe a mangala zuwa gona. Gwangwanin madara yakan zama ma'aunin gyaɗa ko fitilar aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga. Kwalbar lemo kuwa, in ba ka mayar wa mai kanti ba, to kuɗin ajiyarka sun tafi. Ga kuma masu zagayawa gida-gida suna musanya tsofaffin tufafi da kwanuka. Ashe abin da Turawa ke tutiya da shi a yau, wato ware shara tun daga gida a ajiye ta bakin hanya don a sake sarrafa ta, iyayenmu sun daɗe suna yi ba tare da sun raɗa masa suna ba.

Har yanzu wannan hikima ba ta mutu a Kaduna ba. Duk wanda ke tababa, ya leƙa tsohuwar kasuwar Panteka, kusa da kwalejin kimiyya da fasaha a Tudun Wada, ya ga yadda ake narkar da tarkacen alminiyum a zuba a gurbin yashi, ya fito tukunya sabuwa fil, da yadda tsohon duro ke komawa murhu ko kaskon suya. Masana sun tabbatar da cewa narkar da tsohon alminiyum na rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake ƙonawa wajen haƙo sabo a tace. Haka kuma a 2011 aka gina gida sukutum a ƙauyen Sabon Yelwa, nan kusa da Kaduna, da robobin ruwa da aka ɗura wa yashi. To, in masu saye na nan, masu tarawa na nan, ina gizo ke saƙar? Amsar tana cikin duronmu.

Abin da ya ɓata mana lissafi shi ne leda. Tun daga shekarun 1990, lokacin da ruwan leda ya cika gari, komai muka sayo a leda yake zuwa, mu kuma muka koyi cusa komai cikin leda ɗaya, jiƙaƙƙe da busasshe, mu ɗaure mu jefar. Leda ba ta ruɓewa. Ta shiga taki ta ɓata gona, akuya ta haɗiye ta rame, mahauta su tarar da ita dunƙule a tumbi. Ambaliyar da kogin Kaduna ya yi a watan Agusta na 2003, wadda ta ci gidaje a Kabala da Unguwar Rimi, wannan daga Allah ne. Amma ruwan da ke shigo mana tsakar gida duk damina saboda kwata ta toshe, wannan aikin hannunmu ne.

Ba mu ce hukuma ba ta yi komai ba. Manya sun ba mu labarin duba-gari, mun kuma ga zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, yadda daga 1985 aka riƙa tsare mutane a gida ranar Asabar ɗin ƙarshen wata don share unguwa. Ga kuma hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA. A waje, Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Sai dai doka iyakarta bakin titi, ba ta shiga madafa. Motar shara tana iya kwashewa, amma ba ta iya raba abin da muka riga muka cakuɗa.

Don haka muka yanke shawarar farawa da kanmu. Da muka kawo maganar, uwargida ta ce, "Malam, kana so ka mayar mini da gida juji ke nan?" Gaskiyarta kuwa, don makon farko kyankyasai suka yi mana sallama. A nan muka koyi cewa sai an ɗauraye gwangwani da roba, a taka su su lotse, kafin a ajiye. Muka rataye buhu biyu a bayan ƙyauren zaure, ɗaya na ƙarfe da gwangwani da robobi, ɗaya na takardu da kwali. Bokiti mai murfi kuma yana bakin madafa, na ɓawon doya da ragowar abinci, wanda maƙwabciyarmu mai kiwo ke aiko ɗanta ya ɗauka kowace yamma. Fasasshiyar kwalba da reza da allura muna zuba su a gwangwani guda mu toshe bakinsa. Sirrin duka shi ne a sa buhun inda hannu ke kaiwa ba sai an yi tattaki ba, a kuma tsayar da rana ɗaya ta fitarwa. Tamu Asabar ce. 'Yan kuɗin da ake samu muka ce na asusun yara ne, kuma tun daga ranar ba mu ƙara tuna wa kowa aikinsa ba.

Buhun takardu shi ya fi ba mu dariya, domin rabinsa rubuce-rubucenmu ne da suka ƙi nuna. Yanzu mai ƙosan bakin layi ke naɗe wa jama'a karin kumallo da babi na uku na littafin da ba mu taɓa gamawa ba. Sai dai muna tsince duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah tukuna.

Wani zai ce ai 'yan bola jari ɓarayi ne. Ba mu musa cewa akwai ɓata-gari a cikinsu ba, kamar kowace sana'a. Amma wanda ka san sunansa da unguwarsu, kake miƙa masa buhu a bakin zaure, ba shi da hujjar leƙa maka tsakar gida.

'Yan'uwa marubuta, mu duba littattafanmu. Gidajen taurarinmu kullum tas suke, ana ci ana sha, amma ba mu taɓa faɗa wa mai karatu inda sharar ke tafiya ba, balle wanda ke ɗaukarta. Ko shafi ɗaya muka ba shi, wata uwargidan za ta karanta ta rataye nata buhun.

Yaron nan har yanzu yana zuwa duk Asabar. Tabon na nan a tafin hannunsa, mukan gan shi duk lokacin da ya miƙo hannu karɓar buhu. Makon jiya ya ce mana gidaje huɗu a layinmu sun fara ware masa. Allah ya sa mu ga na biyar kafin damina ta faɗi.