Kafin Ka Ɗora Biro a Takardar Ɗan'uwanka

Ɗana, na ji malaminku ya sa kuna musayar littattafan insha'i, kowa ya duba na abokinsa. Zauna in gaya maka abin da har yau yake ci mini rai.

Muna aji biyu a kwalejin horon malamai aka ba ni rubutun wani yaro mai kunya, ɗan ƙauye, a kan ranar kasuwar garinsu. Ya manta lanƙwasar ƙ, ya rubuta "kara" inda yake nufin "ƙara". Na miƙe na karanta da ƙarfi, aji ya fashe da dariya. Na ga yadda ya naɗe littafin ya cusa a aljihun rigarsa, kansa a sunkuye. Ko da na tuna daga baya, a cikin wannan insha'i ya siffanta ƙurar da shanu ke tayarwa da hantsi fiye da yadda kowannenmu zai iya. Ban faɗa masa ba. Har muka gama makaranta bai sake nuna wa kowa rubutunsa ba. Magana zarar bunu ce, ɗana.

Saboda haka idan takardar abokinka ta zo hannunka, karanta ta har ƙarshe biro yana ajiye. Nemi abin da ya yi daidai, ka nuna masa wurin da yatsa, ka ce, "Wannan jimlar ta sa na ga kasuwar da idona." Sannan ka zo ga gyara, kuma ka fara da babba: shin labarin ya tafi a jere? An gane abin da yake son faɗi? Raba "yana" da aka yi gida biyu, ko ɗ da aka bari ba lanƙwasa, waɗannan su zo daga baya, a gefen shafi, tsakaninka da shi.

Da na zama malami kuma sai na haɗu da kishiyar laifina. Yara su karɓi littafin aboki, su rubuta "Ya yi kyau" su mayar, don gudun ɓacin rai. Wannan ha'inci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Kuskuren da ka rufa masa yau, mai duba jarrabawa ba zai rufa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka dubi tsangaya. Alaramman da ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ba ya ɗaure shi sai ya kai wa 'yan'uwansa mahaddata sun bi shi wasali bayan wasali. Ba wanda ke ganin an ƙasƙanta shi. Haka ma Abubakar Imam, wanda ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 da Ruwan Bagaja: da ya zauna a Zariya a 1936 yana rubuta Magana Jari Ce, Rupert East yana duba abin da ya rubuta suna tattaunawa. To kai da abokinka fa?

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sake masa rubutun da bakinka. Idan jimla ta ɗaure maka kai, tambaye shi, "Me kake nufi a nan?" Sau da yawa amsar da zai ba ka da baki ita ce jimlar da ya kamata ya rubuta. Bar shi ya gano ta da kansa, ko da zai ɗauki lokaci. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ranar da naka littafin ya dawo da jan layi kuwa, za ka ji zafi a ƙirji, na sani. Kada ka yi gardama a take. Ka ce masa na gode, ka kai littafin gida, ka sake buɗe shi bayan sallar asuba.