Me Ya Sa Ruwan Randa Yake Sanyi?

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a unguwar Wadata, cikin birnin Yamai. Yau zan ba ka labarin wata tambaya da ta ɗaure mini kai a gaban ɗalibaina.

A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Yamai kan wuce digiri 40. Muna cikin karatu bayan la'asar, sai wata dattijuwa mai sayar da tumatur a kasuwar Wadata ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, randata da bidon roba ɗaki ɗaya suke, ruwa ɗaya na zuba musu. Me ya sa na randa yake sanyi, na roba kuwa kamar an ɗora a wuta?"

Na yi shiru. Na yi makarantar horon malamai, amma amsa ta ƙi zuwa. Zuciyata ta ce in ƙaga wani abu don kada in ji kunya. Sai na daure na ce, "Inna, ban sani ba, amma zan bincika." Wasu suka yi dariya.

Da dare na buɗe tsohon littafina na kimiyya. Ga abin da na samo. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi. To, ruwa ba ya bushewa sai ya sha zafi. Wannan zafin daga jikin randa yake jawo shi, shi ya sa ruwan ciki yake hucewa. Roba kuwa ba ta tsattsafo, zafinta yana nan tare da ita. Kai ma haka jikinka yake: in ka yi gumi, iska ta busa, sai ka ji sanyi.

Na kuma karanta labarin Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa ta Najeriya. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kayan miya suka daɗe a ciki ba tare da wutar lantarki ba. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan dabara.

Kashegari na bayyana wa aji. Inna ta ce, "Ashe randa gumi take yi!" Ta sayi tukwane biyu ta gwada. Da ma kwantan tumatur ke cinye mata riba. Bayan mako guda ta zo mini da tumatur uku a hannu, ko ɗaya bai ruɓe ba.

In za ka gwada, ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke ratsawa, ka riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani. Da damina iska tana da danshi, ruwa ba ya bushewa da sauri.

Da na yi wa Inna ƙarya a ranar, da har yanzu tana zubar da tumatur. Saboda haka in kana aji, wani abu ya shige maka duhu, ɗaga hannunka ka tambaya. In malam bai sani ba, ku nemo amsar tare.