Neman Keken Gida

Mahaifina tela ne a Fagge, da keken ɗinkinsa aka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare. Bana keken ya tsufa har yana cin zare, sai Baba ya ƙirgo kuɗi ya ce in sayo sabo. Ni kuwa, da zafin kan ɗalibi, na ce sai dai ƙirar Nijeriya. Baba ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Na fara da Kasuwar Singa, ganin sunan keke take ɗauke da shi. Ashe sukari da fulawa da taliya ne a can. Na wuce Sabon Gari. Butterfly na Sin ne, Usha na Indiya, Juki da Brother na Japan, Singer kuwa asalinsa Amurka. Na aikin wuya, wanda ake yi wa manyan riguna ado da shi, Cornely, Bafaranshe ne.

Wani dattijo mai gyaran kekuna ya ce, "Samari, da wane ƙarfen za a ƙera? Tun 1979 ake ginin Ajaokuta." Ya nuna mini tebur da kafinta ya yi, da ƙafar da mai walda ya haɗa. Iyakar namu ke nan, har allura baƙuwa ce.

Da la'asar na ɗora Butterfly a kan teburin kafintan, na ɗauki A Daidaita Sahu zuwa Fagge. Baba bai tambaye ni komai ba, ya dai zura zare.