Gambar Lafani

Mu da muka tashi a Lafani kafin farin 1984 mun san wani dajin da yaran yau ba su sani ba. Bayan gari, idan ka nufi iyaka ta wajen Birnin Ƙwanni, gamba kan rufe ɗan akuya ɗungum, kyasuwa da harkiya kuma ba a maganarsu. Da wannan gamba kakana ke saƙa zana, da ita ake jinka. Ba a saye, lauje kawai ake ɗauka.

Shanu suna nan tun wancan lokaci, kuma da yawa. Illela da ke kusa da mu gari ne na kara, duk Lahadi garkuna kan sauko daga Nijar, ƙura ta tashi har ta dusashe rana. Sai dai dajin kan samu hutu. Da damina makiyaya su yi arewa, ciyawa ta girma ta zubar da iri. Da kaka su dawo, mai gona da kansa zai bi Ardo da damin hatsi. Na sha jin kakana yana cewa, "Ardo, don Allah a kwana mini bakwai a gona." Kara nasu, taki namu.

Fari ya ci dabbobi, mutane suka yawaita, noma ya cinye burtali da hurumi kaɗan-kaɗan, duk da dokar makiyaya da Jihar Arewa ta kafa tun 1965. Bisashen da ke yawo a faffaɗan daji suka matsu a 'yar kusurwa. Nan ɓarnar take. Ruwan farko na sauka, ciyawa na leƙowa, baki ya kai mata. Wadda ba ta yi iri bana ba, da me za ta fito baɗi? Kofato ya daddaɓe bakin mashaya har ya zama fako, ruwa ya daina shiga ƙasa, sai ya bi sama da gudu yana yanka kwazazzabo. Da rani iska ta kwashe abin da ya saura, ta zuba rairayi kan shukar wani.

Na je wurin da muke yankan gamba. Tafasa ce da garmani da tumfafiya, abin da ko jaki ba ya so. Na sa dunduniya na buga ƙasar, ta yi ƙara kamar daɓen ɗaki. Gawon da ke tsaye an sassare masa rassa don tumaki, kuma babu ɗan gawo ko ɗaya a ƙarƙashinsa, awaki sun gama da su.

Zuciyata ba ta yarda a ɗora wa Bafulatani laifin shi kaɗai ba. Kowane gida a Lafani na da tunkiya ko akuya da ake sakewa da safe, har gidanmu. Karan da ake bar wa ƙasa a da, yanzu kwashe shi ake yi a ɗora bisa amalanke, saboda ya zama kuɗi.

A yankin Tawa da Maraɗi manoma sun farfaɗo da irin wannan fako: su haƙa ƙananan ramuka su zuba taki, su bar kututturen sabara da kalgo su toho, su tsare wurin daga dabbobi na 'yan shekaru. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwan sama ba, kuma Ƙwanni ga ta nan kusa, ko kan babur ana zuwa a ga yadda suke yi.